Makon Furen Wake

Akwai wata Laraba ta ƙarshen damina da har yau ba ta fita daga raina ba. Yawancinku ba ku fara aiki da mu ba a lokacin, don haka zan ba ku labarinta yadda ta faru. Da sassafe ne, bayan an fito daga sallar Asuba, a ƙofar shagonmu na maganin gona a Rano. Akwai ni, akwai maigidanmu Alhaji Tukur, akwai masu feshinmu, sai manoma da suka cika rumfar har bakin titi, kowa yana rantsuwa gonarsa ce ta fi gaggawa.

Ga wanda bai san sana'ar ba: muna sayar da magani, kuma muna da mutanen da ke goya tanki su je su yi wa manomi feshi a gonarsa. Aikina shi ne in raba musu gonaki, in riƙa kai musu magani da ruwa a babur. Mafi yawan shekara aikin a hankali yake tafiya. Amma idan wake ya fara fure tsutsa takan shiga, kuma in ba a fesa a makon ba, furen zai zube, manomi ya tashi da harawa kawai. Waken kowa kuwa tare yake fure, daga Rurum har Kibiya.

Muna da ƙa'idoji. Feshi da safe ake yi ko da yamma, ba a tsakar rana ba. Ana tace ruwa da ƙyalle kafin a zuba a tanki. Ana sa takunkumi da safar hannu, a yi wanka da sabulu bayan an gama. A makon fure waɗannan ƙa'idoji ɗaya bayan ɗaya suke faɗuwa, ba tare da kowa ya ce an soke su ba. Abu ɗaya ne ba a taɓa fasawa: nono. Kowace yamma shago yana sayen ƙwarya guda, masu feshi su sha. Mun tarar ana cewa nono yana wanke ciki, yana kashe dafin magani, kuma daga maigida har ni babu wanda ya taɓa shakkar haka.

Babban mai feshinmu shi ne Malam Idi, dattijo mai iyali, wanda ya riga kowa fara aiki da Alhaji. Ba ya tsallake kunyar shuka ko ɗaya, ba ya gaggawa a ƙarshen gona, shi ya sa manoma suke neman sa da suna. A makon nan aikin mutum biyu yake yi. Tun ranar Litinin yake cewa kansa yana sarawa, kuma na lura ya daina cin tuwon dare sosai. Na riga na faɗa wa Alhaji cewa ya kamata Malam Idi ya huta ranar, ya kuma yarda.

Sai ga Alhaji Mamuda, wani babban manomi daga wajen Zinyau, tsohon abokin cinikinmu.

Na ce, "Alhaji, yau Sani zan ba ka."

Ya ce, "Wane Sani? Wanda yake feshi kamar kare ya biyo shi? Bara rabin gonata ya yi wa, rabin ya bar wa tsutsa sadaka. Ni Malam Idi nake so, in ba haka ba in tafi wani shagon."

Maigida ya dubi Malam Idi. Malam Idi ya miƙe daga kan benci, ya kakkaɓe rigarsa.

Ya ce, "Bar shi, Nasiru. Ciwon kai ai ba a kafaɗa yake ba. Miƙo tankin."

Kafin mu isa gonar rana ta ɗaga, domin sai da na sauke wasu a hanya. A can muka tarar Alhaji Mamuda ya tanadi nasa maganin a cikin gorar ruwa, babu takarda a jikinta, babu suna. Ya ce a kasuwa ya saya, kuma ya fi namu ƙarfi. Da ya buɗe murfin, daga nesa warin ya bugi idona. Manoma da yawa da wari suke auna magani. Wanda bai hau kai ba, a ganinsu an tsinka shi da ruwa. Ruwan da na kawo ya ƙare da wuri, aka koma ɗiba daga kududdufin gefen gona, ba a tace ba.

Ruwa mai laka yana toshe kan famfon feshi, inda magani yake fita. Abin da aka koya mana shi ne a saki iskar tanki, a kwance kan, a wanke, a zura masa tsinken ciyawa. Wannan yana cin lokaci. Hanyar gaggawa, wadda kowane mai feshi ya sani, ita ce a sa baki a hura. Ina tsaye Malam Idi ya sassauta kan famfon ya kai bakinsa. Akwai sauran iska a ciki. Maganin ya feso masa a baki da hanci, ya gangara cikin rigarsa.

Ya tofar, ya kurkure baki, ya yi dariya. "To, Alhaji, na ɗanɗana maka. Mai ƙarfi ne, ba a cuce ka ba."

Na ce ya ajiye tankin ya cire rigar. Ya ce kunyoyi kaɗan suka rage a wannan ɓangaren, in ya gama zai yi wanka gaba ɗaya. Wayata tana ta ƙara, mutanenmu na wajen Madachi suna jiran magani. Na tafi.

Na dawo bayan Azahar na tarar da taro a gindin ɗorawa. Malam Idi yana kwance a gefe, gumi ya jiƙe shi sharkaf, yawu yana zuba daga bakinsa, naman cinyarsa yana rawa shi kaɗai. Baƙin idonsa ya tsuke kamar kan allura. An riga an aika ruga an karɓo nono, an ɗura masa, ya amayar. Mutanen wurin murna suke yi da aman.

Wani ya ce, "Alhamdu lillahi, dafin ne yake fita. A ƙara masa."

Na kira maigida na faɗa masa.

Ya ce, "An ba shi nono?"

Na ce, "An ba shi, ranka ya daɗe."

Ya ce, "To madalla. A bar shi a inuwa, zai sake shi. Ai ba yau aka fara ba."

Ba da mugunta ya faɗa ba. Sau da yawa a baya wani ya yi jiri, ya sha nono, ya kwanta, ya tashi. Haka muka zauna muna jira, ana yi masa fifita, ana ƙara masa da ludayi, har inuwar ɗorawar ta juya. Numfashinsa ya fara ƙara kamar ana zuƙar ruwa da kara.

Bafulatanin da ya kawo ƙwarya ta biyu ne ya tsuguna ya dube shi, sannan ya dube ni.

Ya ce, "Malam, nonon namu ne, mu muke sayarwa. Amma ban taɓa ganin ya tayar da saniyar da ta ci ciyawar feshi ba. Ku ɗauke shi."

Muka ɗora shi a babur, ni a gaba, wani ɗan ƙauyen a baya yana riƙe da shi, aka ɗaure mu da rawani don kada ya zame. Duk hanyar kansa yana bugun kafaɗata.

A asibiti abin da ma'aikaciyar jinya ta fara yi shi ne ta sa almakashi ta yanke rigar, ta sa aka wanke shi da sabulu. Tun safe rigar nan take manne da fatarsa, jiƙe da magani, kuma cikin dukanmu da muka kewaye shi babu wanda ya cire ta. Ta tambaye ni tun yaushe. Na faɗa. Ta tambayi me muka ba shi. Na faɗa. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ce nono abinci ne, ba ya karya dafi, kuma ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa yana iya shiga huhu. Likita ya nemi kwalbar maganin don ya ga sunansa. Aka kawo gorar. Ya juya ta a hannu, ya ajiye, ya ce za su yi aiki da alamun da suka gani a jikinsa.

Maigida ya iso kafin Magariba. Bai bar bakin ɗakin ba sai da aka ce numfashin ya daidaita, kuma shi ya ɗauki nauyin jinyar.

Washegari aka buɗe shago kamar kullum. Rumfa ta cika. Alhaji Mamuda yana cikin waɗanda suka fara zuwa. Ya tambayi mai jiki, ya yi addu'a, idonsa ya yi ja. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Malam Nasiru, sauran kunyoyin fa? Furen yana zuba." Babu wanda ya ga laifinsa, domin duk wanda ke wurin abin da ya kawo shi ke nan. Na tura Sani, ya kuma karɓe shi ba musu.

Abin da na fahimta daga wannan shi ne, makon cunkoso ba ya kawo sabon haɗari. Haɗarin da muke zaune da shi kullum ne, sai dai a makon muna janye abin da ke tsakaninmu da shi, kaɗan kaɗan, kowane da dalilinsa mai kyau. Kuma ba malalaci haɗarin yake fara ci ba. Wanda aka fi yarda da aikinsa, wanda ba ya iya cewa a'a idan an kira sunansa a gaban jama'a, shi yake gaba.

Tun daga lokacin Alhaji Tukur ya hana fesa maganin da ba shi da takarda, ya hana aiki daga hantsi zuwa La'asar. Wasu manoman sun bar mu saboda haka. Nono kuwa har yanzu ana saya, domin masu feshi sun ce ba za su goya tanki ba in babu shi.

An sallami Malam Idi ya koma gida. Bayan wasu makonni ƙafafunsa suka fara nauyi, yanzu da sanda yake zuwa masallaci. Bai sake goya tanki ba. Da damina ta zagayo, babban ɗansa ya zo neman aikin feshi, don gidan ba shi da wata hanyar. An ɗauke shi.