Karen Fasto da Kujerar Doyle Stamper

Doyle Stamper ɗan nan Kettle Fork ne, cikin duwatsunmu na Kentucky. Ubansa kwal yake haƙa, uwarsa wankau take yi. Yana yaro siriri ne kamar sillen kara, ba abin da ya girma a jikinsa sai baki. In aka kama shi yana satar tuffa a gonar wani, kafin a gama magana mai gonar ne zai koma yana ba shi haƙuri. Shi ya sa da ya dawo daga yaƙi ya ce lauya zai zama, ba wanda ya yi mamaki.

Shari'o'insa duk irin namu ne: shingen wane ya shiga gonar wane, aladen wane ya cinye kabejin wance. Ya auri Verna, malamar makaranta, mace ce da ba ta maimaita magana. Ana nan mutane suka yi ta zuga shi, wai bakin nan ya fi ƙarfin kotun ƙauye, ya nemi kujerar Majalisar Wakilai mana.

To, a wajenmu jawabi ba ya kai mutum Washington, ciki ne ke kai shi. Da rani kowace coci na da ranar gyaran kaburbura. In an gama, a jera katakai a yi dogon tebur a gindin itatuwa, kowace mace ta aje kwanonta. Ɗan takara dole ya bi layin nan tun daga farko har ƙarshe, ya ɗebi na kowa, ya ci a gabanta. Wadda ka tsallake, ka rasa ta, ka rasa mijinta da 'ya'yanta da surukanta. Doyle kuwa Allah ya hore masa. Soyayyar kaza, wake da naman alade, burodin masara, kek iri-iri, ya share faranti yana cewa, “Goggo, wannan hannun naki a kai shi gidan tarihi!” Haka ya ci ya tafi majalisa, ya sake ci ya koma, shekara da shekaru. Ya samo mana gada da ƙaramin asibiti. Tumbi kuwa ya fito har agogon aljihunsa ba ya ganin ƙasa.

Sai likita ya ce ciwon suga ne. Verna ta ce masa, “Ka ji dai. In ka ƙara cin kek ɗin matan nan, kai za a gyara wa kabari baɗi.”

“Verna, zaɓe fa saura kaɗan.”

“Sai ka gaya musu ba ka da lafiya.”

“Ni? Haba!”

Namijin duwatsun nan ba ya faɗin ciwonsa, balle ɗan siyasa. Ga shi kuma a shekarar wani dillalin motoci, Cletus Napier, ya fito neman kujerar, ƙato ne matashi, shi layin ma sau biyu yake bi. Doyle ya san in ya ƙi ci kujera ta tafi, in ya ci kuma Verna da likita na jiransa.

Ranar taron Kettle Fork sai dabara ta zo masa. Fasto Ledford na da wani tsohon kare mai dogayen kunnuwa, kullum yana kwance ƙarƙashin katakan. Doyle ya cika faranti, ya zauna a bakin benci inda zanen tebur ya sauko har ƙasa. Ya kai cokali baki, ya yi motsi da muƙamuƙi, ya lumshe ido, ɗaya hannun kuma na zura wa kare rabonsa. Kaza ta wuce, wake ya wuce, kek ɗin tuffa ya wuce. Doyle har ya fara tausayin Cletus, da ke can yana gumi yana kwance bel.

Saura yanka ɗaya, kek ɗin ɗanyen tumatir na Goggo Beulah Sizemore. Ita Beulah, rabin mutanen kwarin nan jininta ne, sauran rabin kuma tsoronta suke ji. Kek ɗin nan nata kuwa, Allah na gani, tsami ne da shi mai sa kunne ƙara, amma tun da nake ban taɓa jin wanda ya faɗa ba.

Doyle ya zura. Ya ɗago yana lasar leɓe ya ce, “Goggo Beulah, bana kin ƙure kanki!”

Bai rufe baki ba sai ga kare ya fito daga ƙarƙashin zane, da yankan kek a bakinsa. Ya taka a hankali har tsakiyar fili, ya aje shi a ƙasa, ya yi atishawa, ya juya baya ya fara tura masa ƙasa da ƙafa.

Cletus ne ya fara fashewa da dariya, da wake a bakinsa. “Onorabul, ashe wakili ma yana da wakili!”

Beulah ta miƙe, ta riƙe ƙugu. “Doyle Stamper, ni na yi maka wankan jarirai. Abincina ka ba kare?”

“Goggo, ki tsaya ki ji. A doka, sai an tabbatar daga farantin wa...”

“Rufe min baki da dokarka! Farantinka ne kaɗai ba komai.”

Opal Caudill, mai kek ɗin tuffa, ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta ɗago ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, “To, nawa dai ya cinye tas.”

Wannan maganar ce ta ƙarasa shi. Da ba wa kare kawai ya yi, da wataƙila Beulah ta huce. Amma a ce kare ya ci na Opal ya binne nata, a gaban surukanta? Doyle ya ga abin ya ɓaci, ya jawo sauran kek ɗin gaba ɗaya zai cinye a gabanta. Verna ta dafe masa hannu.

“Aje. Ciwon suga gare shi, jama'a. Likita ya hana shi.”

Beulah ta ce, “Allah ya ba shi lafiya. Da ya faɗa min, da romo zan kai masa har gida.” Ta rufe kwanonta, ta ɗauka, dangin Sizemore kaf suka bi bayanta, har da masu goyo.

Ranar zaɓe Cletus ya lashe kujerar. Doyle na zaune gaban rediyo ya yi tagumi, yana cewa kare, kare fa, shi da ya yi muhawara da manyan ƙasa. Verna ta aje masa kwanon dafaffen kabeji ba gishiri, ta ce, “Ci, tsoho. Na fi son lauya mai rai.”

Ya koma kotun ƙauye da shingayensa da aladunsa. Ya rame, ya daɗe a duniya har ya ga tattaɓa-kunne. Cletus kuwa, kowane rani, yanka biyu Beulah ke zuba masa, ta tsaya a kansa sai ya gama.