Ranar da Na Ce “An Ce”

Mu tara ne a rumfar da ke bayan kasuwar Illela, aikinmu tsince albasa da ɗinke buhu. Kowannenmu ya taɓa yi wa wani ubangida aiki, ya sha tsawa ya ƙoshi, shi ya sa da muka kafa ƙungiya abin da muka fara yarda da shi shi ne babu shugaba. Babu mai sa wani, babu mai korar wani. Wanda ya ga aibi ya riƙe shi sai Juma'a, in an sauko daga masallaci mu zauna a tabarma ɗaya ya faɗa, kuma ba a zartar da komai sai duk taran sun ce to. Na yi alfahari da tsarin nan har na ishi mutane da labarinsa a wurin mai shayi.

Babbanmu a shekaru wani dattijo ne daga Kalmalo, Baba muke ce masa. Shi ya koya mini duba wuyan albasa in gane ɗan baƙin da ke nuna ta fara ruɓa daga ciki. Ni baƙo ne a garin, iyalina suna Sakkwato, sai wata-wata nake leƙa su. Saboda haka da Baba nake cin abincin rana, shi nake kai wa ƙorafina. Yakan tsokane ni wai bakina ya fi wuƙar mahauci kaifi, kuma bai yi ƙarya ba.

A shekara ta uku yanar ido ta kama shi. Buhun da ya tsince, kafin ya isa kudu ya fara ɗigar ruwa. Sau biyu masu saye suna bugo waya suna faɗa, na biyun har ya ce in aka sake ya bar mu. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma dukanmu mun san daga wane hannu yake fitowa. Amma Juma'a shida muna zama a tabarmar nan, a yi maganar igiya, a yi maganar mota, a shafa fatiha a tashi. Wa zai dubi mai furfura ya ce masa ba ka gani?

A maimakon haka sai suka riƙa samuna ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya tare ni wajen alwala ya ce, “Ya kamata a hwaɗa mai.” Wancan ya ce, “A duba lamarin Baba mana.” A faɗa, a duba, a gyara. A wurin ubangida wannan “a” ɗin tana da mai ita, kowa ya san wanda ake nufi. A rumfarmu ba ta da uba, sai yawo take tana neman mai ɗauka, ni kuwa da zafin kaina na ɗauka.

Juma'a ta bakwai na yi gyaran murya. Na shirya tun a hanya zan ce na gani da idona, kuma ina ganin gara ya koma ɗinkin buhu, aikin da hannu ke yi. Da ya juyo da fuskarsa wajena sai kunya ta kama ni, na ji bakina yana cewa, “Baba, an ce idonka ba ya gani sosai. An ce buhunanka ne ke ruɓewa.”

Ya ce, “Wa yac ce?”

Na waiga ina jiran wani ya kama mini. Ɗaya ya duƙufa kan carbinsa, ɗaya ya tashi wai ana kiransa a waya. Wanda ya fi kowa damuna da maganar ya buɗe baki ya ce, “Ni dai ban ce komi ba.” Wani ya ƙara da cewa, “Nan ba mu da shugaba, wa yan naɗa ka?” Tunda tara ba su ce to ba, ba a zartar da komai ba. Baba ya laluba takalmansa ya fita, washegari bai zo ba, jibi ma haka.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Dokarmu ta hana su kore ni, sai suka bar ni da gaisuwa kawai. In na matso, hira ta mutu. Da rana in ja kwanona can ƙarshen rumfa in ci ni kaɗai, ina zaginsu a zuci da munafukai. Ban taɓa jin kaɗaici irin na watannin nan biyu ba, ina cikin mutum bakwai kamar ba kowa.

Daga ƙarshe na hau mashin na tafi Kalmalo. Na same shi a zaure yana tufkar igiya, bai gane ni ba sai da na yi sallama. Bayan mun gaisa na fara kawo masa ƙarar sauran, yadda suka zuga ni suka zame. Ya ɗaga hannu ya tsai da ni.

“Na san idona, ɗana, tun kahin ku sani. Abin da ban sani ba, su wa sunka ce. Tun ran nan, in ɗayanku ya gaishe ni kasuwa sai in ce ko shi na. Mutum takwas, ba wanda nika iya sakin jiki da shi.”

Na sunkuyar da kai. Na ce, “Baba, ni na gani. Ni na ce.”

Ya ci gaba da murza igiyarsa a cinya, ya ce:

“Allah shi yi ma albarka. Da ka hwaɗi haka ran nan, da mutum guda zan yi hushi da shi, shi ma na kwana biyu.”