Dattijon da Ya Gyara Tagar Zubaidatu

Zubaidatu tana zaune a benci kusa da ƙofar garin da ake kira Bab Makka, tana zana gidan tarbar baƙi da za a gina wa masu zuwa kallon tsohon garin Jidda. Gobe za ta miƙa zanen, ga shi manyanta a ofis sun fi son gilashi a kan tagogin katako irin na da.

Wani dattijo siriri yana tsaye a kanta, cikin farar jallabiya da ta sha wanki. Babban yatsansa ya lanƙwashe, farcen a tsage, kamar na wanda ya shekara arba'in yana riƙe da gizago. Ba ta san shi ba, amma tana zaton kafinta ne cikin Hausawan da aka haifa a nan.

Sai ya ɗora yatsan a kan takardar. "'Yata, juya tagar nan arewa. Ta can iska take shigowa, halas, shi ke nan."

"Baba, akwai sauran masu sassaƙa irinta?"

"Mu uku ne a unguwar Sa'alaba," in ji shi, yana murmushi. "Kuma har yanzu ido yana gani."

Zubaidatu ta matsa masa wuri, ta miƙa masa fensirin.