Tumfafiyar Gidanmu Na Gamboru

Ranar da na je duba gidan da na saya a Gamboru, abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne simintin tsakar gida. Sabo fil, har yana ƙyalli. Mai gidan, wani Alhaji mai yawan murmushi, ya riƙa buga ƙafa a kai yana cewa, "Malam, ka ji ƙarfi? Ko tirela ta hau ba abin da zai yi." A kusurwa akwai wata ƙatuwar randa, ya ce ya bar mana ita kyauta. Na koma gida ina gaya wa matata cewa har yanzu akwai mutanen kirki a garin nan.

Damina na faɗuwa muka ga randar ta karkace. Da muka ɗaga ta, sai ga tumfafiya ta huda simintin, ta fito da ganye fato-fato, kamar ta daɗe tana jiran a buɗe mata ƙofa.

Matata ta sa adda ta sare ta, farin ruwanta ya ɓata mata zane. Bayan 'yan kwanaki tumfafiyar ta dawo da kai uku. Muka zuba mata tafasasshen ruwa, muka bi da kananzir. Na ɗaure akuyarmu a gindinta, akuyar ta sunsuna, ta juya ta cinye mini takardun jarrabawar ɗalibaina da na bari a kan tabarma.

Maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce Babarbariya, wadda ba abin da ke wuce ta a layin. Ta leƙo ta kan katanga, ta gaishe ni da yarensu ta ce, "Wushe, Malam. Ka daina dukan itacen nan, akwai masu shi a ciki."

Na ce, "Iya, in akwai masu shi, su fito mu raba kuɗin wuta."

Ba ta yi dariya ba. Kwana biyu ko gaisuwata ba ta amsawa.

Daga nan na nufi shagon wani Ibo a kasuwa, mai sayar da maganin feshi. Hausarsa ta fi tawa gudu. Ya miƙo mini wata kwalba ya ce, "Oga, wannan ko kuka ka fesa wa, gobe ka zo ka kwashi itacen girki." Na fesa da dukan zuciyata. Zogalen matata ya mutu, yakuwarta ta bi shi, har lemon da na dasa ya zubar da ganye. Tumfafiya kuwa ta yi ɗan laushi da hantsi, kafin la'asar ta miƙe. A makon nan ma ta fara fure.

Sai na ɗauko mai haƙar rijiya. Ya farfasa simintin Alhaji, ya bi saiwar yana haƙa har ya nutse zuwa ƙirji. Saiwar ta lanƙwasa ta shige ƙarƙashin katangar Iya. Da ya ja ta da ƙarfi, katangar ta tsage daga sama har ƙasa. Ta wannan tsagar na hango Iya zaune a kan kujera tana tauna goro.

Ta ce, "Shi ma Alhaji daidai nan ya kawo ya tsaya."

Na ce, "Iya, me ya hana ki gaya mini tun farko?"

Ta ce, "Ka tambaye ni?"

Na gyara mata katanga, na cike rami, muka ci gaba da zama da tumfafiya. Matata har shanya take yi a kanta.

Da aka yi mini canjin wurin aiki, dole na sa gidan a kasuwa. Dillalin da na samu ya zagaya tumfafiyar, ya ce in sare ta, in shimfiɗa darduma a wurin, in mai saye ya shigo ya tarar da ni ina nafila. Na ce masa sai dai in yi ta nafilar har a gama ciniki, don na san halinta, ina sallamewa za ta ɗago dardumar.

Wanda ya zo saye ɗan kasuwa ne daga kasuwar kifi ta Baga Road. Tun daga zaure warin banda ya riga shi shigowa. Na kai shi gaban tumfafiyar na zayyana masa komai, har da akuya. Ya saurara yana sakace haƙori, sannan ya ce, "Malam, ni ba kwana zan yi a nan ba. Kwalayen kifi zan jibge. In ta iya zama da su, ai ta gode wa Allah." Duk da haka sai da ya rage farashi saboda ita.

Bayan wasu watanni Iya ta sa aka kira ni a waya. Ta ce ƙudajen Borno kaf sun tare a layinsu, ko shayi ba a iya sha a waje. Ta tambaye ni ko babu hanyar da za a warware cinikin in dawo. Na ce mata zan yi tunani, na kuma ce ta gaida mutanen layi.