Ɗaɗɗoyar gindin randa

Da aka sallamo Baba daga asibiti a Kaura Namoda zazzaɓin ya sake shi, amma cikinsa ya kumbura tim, abinci kuwa ko kallonsa ba ya son yi. Ga shi da taurin kai, Allah Ya sani. Ya ce ya sha ƙwaya har ta ishe shi, ya rantse ba zai ƙara kai wani magani bakinsa ba, na asibiti ko na gida. Gwaggo, ƙanwarsa, ta taso tun daga Shinkafi da jiƙon saiwoyi, ya sa aka zubar a bayan danga. Mutum yana ta ramewa a gabanmu, hularsa ma ta yi masa yawa.

Ni ina aure a Kasuwar Daji. A gindin randata, inda ruwa ke ɗiga, akwai ɗaɗɗoya da ban taɓa bari ta bushe ba. Marigayiya Inna, mahaifiyarmu, da ita take kwantar mana da kumburin ciki, kuma da ita take buɗe bakin wanda ciwo ya hana ci. Na tsinko ganyen na ƙulle a gefen mayafi, na hau mashin.

Da na isa, Gwaggo na ganin ganyen ta ce, "Ke ma jiƙo za ki yi? Ai kuwa zubarwa zai yi."

Na ce, "Wa ya ce jiƙo, Gwaggo? Miya zan yi."

Na tuƙa tuwon dawa mai laushi, na kaɗa kuka da daddawa da 'yar citta. Ɗaɗɗoya ba a barin ta ta tafasa, ƙamshin gudu yake yi. Sai da na sauke tukunya na murje ganyen a tafin hannu, na zuba, na rufe. Na zuba a kwano na buɗe a gaban Baba, wallahi in ya ture wannan ban san abin da ya rage ba.

Ya daɗe yana kallon kwanon. Can ya wanke hannu, ya yi bismilla. Ya kai loma ɗaya, ya kai ta biyu, ya ci gaba. Bai kai rabi ba ya yi wata doguwar gyatsa, har Gwaggo ta ce "Alhamdu lillahi" da ƙarfi ba ta sani ba.

Ya ɗago ya harare ni. "Ke ɗiyar ga, kin ɗauka ban san abin da kika sa ba? Uwarki ta sha yi mini wanga wayo."

Na sunkuyar da kai, na ce ai miya ce kawai, Baba.

"To, miya ce. Ƙaro tuwo."

Har yau in ana maganar haihuwa mai amfani, ba na jin kunyar faɗa, ranar na san na yi wa ubana rana. Na ɗauki kwanon na nufi murhu, ina dariya hawaye na zuba.