Malam Bukar, Mai Fara Sauka Gangare

Ina cikin yanka yadi da hantsin wata Litinin sai ga Modu, babban ɗan Malam Bukar mai gyaran keke, ya tsaya a ƙofar shagona ya kasa yin sallama. Da na ga haka na ajiye almakashi. Ya ce, "Baba Tela, Allah ya karɓi abinsa." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san Malam Bukar yana kwance tun kaka, ranar Juma'a ma na je dubiya har ya yi mini tsiyar da ya saba. Duk da haka sai da na leƙa gindin darbejiyar da ke jikin shagona, inda yake aiki, kamar zan tarar da shi a tsugune.

Mun yi maƙwabtakar sana'a tun muna da baƙin gashi. Shi Babarbare ne, kakanninsa suka zo daga gabas, ni kuma Bafulatani, don haka ba ranar da za ta wuce ba mu taɓa juna ba. Ni mutum ne mai gajen haƙuri, shi kuwa ko gobara ake yi sai ya gama ɗaure notin da ya fara. Abin da ya fi haɗa mu faɗa shi ne wata ɗabi'arsa: duk keken da ya taɓa wa birki, ba ya miƙa wa mai shi sai ya hau da kansa ya sauka gangaren rafin da ke hanyar Zakirai, ya dawo. Masu jiransa su cika mini benci, su hana ni sakat. In na yi magana sai ya ce, "Bafillace, taya in ta yi faci, keke ake turowa gida. Birki in ya ƙi, mutum ake ɗaukowa."

Sai shekarun nan suka zo mana. Man fetur ya fi ƙarfin talaka, aka jingine babura a zaure, aka kakkaɓo tsofaffin kekuna daga bayan rumbu. A gidana abin ya faɗa kan 'yata Habiba, wadda ke sakandare a Zakirai, saura kaɗan ta gama. Kuɗin abin hawa ya gagare ni. Ƙawayenta sun koma keke, ita kuwa tun tana rarrafe ta faɗa murhu, hannunta na dama ya ƙone, yatsu biyu kawai ke lanƙwasuwa sosai. Birkin waya irin namu sai an damƙe shi da ƙarfi, ga kuma gangaren nan a hanya. Uwarta ta ce ita ba ta haifi 'yar da za ta miƙa wa rafi ba. Na yanke a raina karatu ya ƙare ke nan. Habiba kuwa kullum sai ta wanke kayan makarantarta ta ninke, kuma wannan ya fi kuka yi mini ciwo.

Ban kai wa Malam Bukar ƙorafi ba, shi ya lura ya daina ganin wucewarta da safe. Wata rana ya je birni sayen kayan gyara, ya dawo da wani keken gwanjo da kowa ya ƙi saye. Birkinsa ba waya, sai siririn tiyo cike da mai, daga hannu har zuwa robobin da ke matse rim ɗin ƙafa. Yatsa ɗaya ma ya isa a ja shi, in yana da lafiya. To, ba shi da ita, don wani ya ɗura masa man birkin mota, da yake a wurinmu duk abin da ya yi santsi mai ne. Man ya cinye 'yan robobin ciki, suka kumbura. Na ce, "Babarbare, ka sayo mana gawa." Ya ce, "Ban san kansa ba, amma ina da baki." Ya yi ta komawa birni yana tambayar masu kwance gwanjo, har ya samo wasu robobin a jikin wani mataccen keke, ya kuma ji cewa farin mai mara nauyi yake sha. Ranar ya shigo shagona yana murmushi, ya ɗauke man keken ɗinkina bai ko tambaye ni ba.

Ya sa aka kira Habiba, ya ce ta tsuguna kusa da shi. Ya fara miƙe ƙafar keken har ta daina rawa, domin a cewarsa ba a saita birki a kan karkataccen rim. Ya daidaita robobin biyu su hau rim sosai ba tare da sun taɓa taya ba, ya yago kwali a shagona yana soka shi hagu da dama don tazarar ta zo ɗaya. Sannan ya ɗauko sirinji ya ringa tura mai daga ƙasa zuwa sama har kumfa ta daina fitowa.

"Kin ga kumfar nan? Iska ce. In ta shiga, za ki ji hannun birki ya yi laushi kamar burodi. Ranar kada ki hau."

"To, Baba."

"Ba to ba. Karɓi ki yi in gani."

Na leƙo na ce, "Yanzu mace za ka koya wa riƙe sifana?" Bai ɗago ba ya ce, "Ni dai ban ga takardar da ta ce zan dawwama a gindin bishiyar nan ba." Daga nan ya juya wani ɗan sukuru, hannun birkin ya matso daidai inda yatsunta biyu ke kaiwa.

Abin da ya yi bayan haka shi ne ba zan manta ba. Ya tsinci ƙyalle a ƙarƙashin teburina, ya ce Habiba ta ɗaure masa yatsun hannun dama, ta bar masa biyu irin nata. Ya aika a gaya wa uwarta ta leƙo ta bayan danga. Da farin gemunsa ya hau, ya saki keke a gangare, ya tsaya cak kafin bakin ruwa. Washegari Habiba ta sa kayan da take ninkewa ta tafi makaranta.

Ana gama sadakar ukun Malam Bukar jarrabawar su Habiba ta ƙarshe ta kama. Ana gobe za a fara, da la'asar, ta taɓa birki ta ji ya yi laushi. Uwarta ta ce magana ta ƙare, mai gyara ya tafi. Habiba ta tura keken zuwa gindin darbejiya, Modu ya buɗe mata akwatin mahaifinsa. Ina kallo ta ƙofar shago ta tura mai har kumfa ta ƙare, ta soka kwali hagu da dama, ta ja ta ji ya yi tauri. Na ɗauka hawa za ta yi, sai ta tsaya riƙe da keken tana dubana.

"Baba, ba a gwada ba."

Rabona da hawa keke tun ina saurayi, kuma ba zan ɓoye ba, tsoron gangaren nan nake yi. Na duba gindin bishiya, ba kowa. Na sunkuya na ɗauko ƙyalle na miƙa mata hannuna, ta ɗaure. Na hau na sauka gangaren ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, na ja da yatsu biyu, keke ya tsaya. A bakin rafin nan na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta, don sai a lokacin na san nauyin abin da ya yi ta ɗaukar wa mutane ina yi masa tsiya. Habiba ta rubuta jarrabawarta har ƙarshe.

Allah ya jiƙan Malam Bukar, ya gafarta masa, ya haskaka makwancinsa. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya rufa musu asiri a wannan zamani mai wuya, ya yi wa Modu da ƙannensa albarka. Mutumin da ya sha sauka gangare a madadin 'ya'yan mutane, ya Allah ka tsallakar da shi siraɗi lafiya. Amin.