Ranar da Muka Binne Kafinta

Gidanmu gidan fawa ne a Talatar Mafara. Ni aka ba allo tun ina ƙarami, don haka da na girma yanka ya zama rabona: in ambaci sunan Allah in sa wuƙa, 'yan'uwana su feɗe su sayar. Ta nan na san kafinta.

Lokacin ana gina madatsar ruwa ta Bakolori, baƙi sun cika ƙasar daga Mafara har Maradun. Kiristocin cikinsu suka kafa ɗakin kwano a gefen sansanin ma'aikata suna ibada. Kafintan nan, wani dattijo daga ƙasar Zuru, shi ya buga rufin, shi ya yi bencina, kuma shi ke buga ƙarfen ƙafar tifa da suka rataye a bagaruwa kowace safiyar Lahadi.

Gab da wata Kirsimeti ya zo mayanka janye da akuya.

"Malam, kai za ka yanka mini."

"Baba kafinta, duk zartunan nan naka ba wuƙa ko ɗaya?"

"Wuƙa akwai. Amma in na yanka da hannuna maƙwabtana ba su ci. Mi amfanin naman da zan ci ni kaɗai?"

Na yanka. Daga shekarar sauran Kiristocin ma suka riƙa kawo nasu, har sai hannuna ya gaji. Shi kuwa ya saba zama wurinmu in an tashi aiki. Nakan ce masa ya bar dukan ƙarfe ya zo ya ji kira da muryar mutum. Sai ya ce ladaninmu mura na kama shi, nasa kuwa bai taɓa tari ba.

Wata rana ya zo bai yi raha ba. Ya je gyaran ƙofa gidan wani Bature cikin masu aikin dam, ya tambaye shi abin da ke hana shi zuwa coci. Baturen ya ce a garinsu akwai coci mai girman gaske, amma tsofaffin mata ne kawai suka rage a ciki.

"Malam," ya ce da ni, "waɗanda suka kawo mana abin nan sun aje shi."

Na ce, "To ai ƙofar Musulunci a buɗe take, gare su da kai duka."

"Ba nan suka koma ba. Na tambaye shi. Ya ce ba su koma ko'ina ba."

Na zaci zan yi murna da jin addinin Nasara na ja da baya, sai na ji gabana ya faɗi. Na san Musulmi, na san Kirista, na san Bamaguje da tsafinsa, kowa da inda yake durƙusawa. Ban taɓa jin mutumin da ba ya durƙusa wa komai ba.

Daga nan na fara lura da jiniyar kamfani. In ta yi kuka kowa ya zabura, ba ruwanta da Lahadi, ba ruwanta da Juma'a. Ɗan kafinta, direban tifa, ya daina shiga ɗakin kwano, ya ce aiki ne. Samarinmu da suka samu aikin dam su ma suka fara tara Azahar da La'asar su sauke su tare da Magariba, su ma suka ce aiki ne.

Da ginin ya ƙare baƙi suka watse, mota bayan mota. Kafinta bai tafi ba, ya ce ƙafafunsa sun saba da nan. Akuyoyin Kirsimeti suka yi ta raguwa, har shekarar da ya zo da zakara a hammata. Bayan na yanka bai tashi ba.

"Malam, in na mutu wa zai binne ni?"

"Ga ɗanka."

"Rami zai iya. Abin da ake faɗi a bakin ramin nake nufi."

"Baba, ka san ba ya halatta in yi maka salla."

"Na sani, ban roƙe ka ba. Ka dai nemo mini wanda ya san abin da ake faɗi. Kar a rufe ni kamar jaki."

Na ce in Allah ya so zan nemo. Tun daga ranar, duk Lahadi sai in kasa kunne. In na ji ƙarfen in ce yana nan, sannan in shiga lissafin wa ya rage da zan kira.

Da bazara ya rasu, da hantsi. Ɗan ne ya zo mayanka ya faɗa mini. Na hau mota zuwa Bakura, inda na san wani ma'aikacin asibiti Kirista, aka ce an yi masa canjin wurin aiki. Na juyo na nufi Maradun neman malamin da yakan yi musu wa'azi, aka ce ya daɗe da komawa garinsu. Zafin ranar kuma ba zai bari gawa ta kwana ba. Waɗanda na samu su ne wani bakanike da wata mai sayar da abinci, Kiristoci ne dai, na roƙe su suka biyo ni.

Mu mahauta muka haƙa kabarin a bayan ɗakin kwano, muka ja gefe muka tsaya. Ɗan ya fito da littafin addu'o'in ubansa. Ya iya boko sarai, amma sai buɗe shafi yake yana rufewa. Can ya dube ni.

"Malam, daga ina ake farawa?"

Ni ajami na sani, ko baƙi ɗaya na littafin ban iya karantawa ba. Na dubi bakanike. Ya ja wata waƙa tasu, matar ta kama, suka kai tsakiya kalmomin suka ɓace musu. Suka ɗan yi ta da hanci, suka bari. Ba abin da ake ji sai injin ban-ruwa daga can cikin gonaki. Ɗan ya aje littafin, ya tafi gindin bagaruwa ya ɗauki guduma ya yi ta dukan ƙarfen nan har hannunsa ya mutu. Ba wanda ya zo. Muka mayar da ƙasa.

Ɗakin kwano ya zama wurin ajiyar takin zamani. Yanzu matafiya na ce mini coci-coci cike suke a birane, addinin ba inda za shi. Mai yiwuwa. Allah kaɗai ya san ƙarshen kowace al'umma, ni abin da idona ya gani nake faɗi.

Ranar da na dawo daga binnewar ban shiga ɗaki ba. Na kira babban ɗan yayana, wanda shi ma ya yi aikin dam, na zaunar da shi a zaure.

"In aka aje ni gabanka gobe, bayan kabbara ta biyu mi za ka karanta?"

Ya yi dariya, ya ce, "Haba Baffa, ai akwai liman."

"In ba liman fa?"

Ya sosa ƙeya, ya dubi ƙasa. Na ce ya tashi ya yi alwala ya dawo.